Ɗan da ke ciki yana jin muryarki

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? Madalla. Abu uku zan faɗa kafin a kira la'asar.

Na farko, ji. Wajen mako 25, wata shida ke nan, ɗan da ke ciki yana jin sauti har ya motsa. Amma sama-sama yake ji, kamar kin nutsa kai a ruwa ana hira a bakin rafi. Muryar uwa ce kaɗai ke isa gare shi sosai, don ita ta cikin jiki take bi. A 1980, a Amurka, wasu masu bincike biyu, DeCasper da Fifer, suka ba jariran da ba su wuce kwana uku ba kan roba na tsotso, an haɗa shi da na'ura. In jariri ya tsotsa da wani salo, sai ya ji muryar uwarsa, in ya sauya, ta wata mata. Sai suka riƙa tsotson da ke kawo ta uwa. Kwana uku fa! A ina ya san ta? A ciki. Don haka masu sa'insa da kishiya tun da asuba, akwai mai saurare (dariya).

Na san kunyarmu. Ɗan fari ko sunansa ba a kira. Wata ta ce mini a wurin awo, "Sista, in yi wa ciki magana? Ai sai a ce na zautu." Na ce ba sai kin yi da shi ba. Tilawarki bayan sallah, waƙarki a bakin turmi, duk yana ji. Yana ji.

Na biyu, ɗanɗano. Tafarnuwar miyarki tana kaiwa ruwan mahaifa, shi kuma yana haɗiyar ruwan. Na uku, au, Hajiya, hannunki tun ɗazu a sama.

(Tambaya: 'yarta na da cikin wata bakwai, 'yar ta ce ba ta jin son cikin.)

Hajiya, kar ki yi mata faɗa. Da yawa sai an ɗora musu jariri a ƙirji son ke saukowa. Amma in ba ta barci, ba ta cin abinci, kullum kuka, wannan ciwon damuwa ne, yana kama masu ciki, kuma yana da magani. Ki kawo ta awo, ki zauna a waje mu gana ni da ita. Ga ladan nan ya fara.