Rediyon da ba ya amfani da batir: daga ina muryar take fitowa?

Duk lokacin da aka nuna wannan ɗan akwatin a intanet yana magana ba batir, ba wayar lantarki, sai jama'a su rabu gida biyu: wasu su ce yaudara ce, wasu su ce dutsen da ke cikinsa ne yake samar da wuta. Dukansu ba su yi daidai ba, kuma shi ya sa muka shigo wannan gidan adana tsofaffin rediyoyi.

Za mu wuce ɗakin farko da sauri. Ga hoton Marconi, ɗaya daga cikin magabatan fasahar rediyo, wanda a watan Disamban 1901 ya bayyana cewa ya karɓi saƙo daga Ingila a Newfoundland, tsibirin da yanzu yake cikin Kanada, ƙetaren Tekun Atlantika, ga kuma kwan gilashi na sarrafa wutar lantarki a rediyo, wanda masanin kimiyya Fleming ya ƙirƙira a 1904. Manyan akwatunan katako da kuke gani sun cancanci nasu shirin daban.

Abin da ya kawo mu yana kan wannan teburin. Ku lura da kayansa: doguwar eriya, naɗin wayar tagulla, wayar da ake haɗawa da ƙasa, abin saurare na kunne, sai ɗan dutsen galena, wato ma'adinin dalma, wanda siririyar waya take taɓa shi da tsininta. Ƙarfin da ke motsa komai daga tashar rediyon yake zuwa, domin igiyoyin da take watsawa suna haifar da 'yar wutar lantarki a jikin eriyar, shi kuma naɗin wayar yana taimakawa wajen ware tasha ɗaya daga sauran.

A nan ne ake yawan kuskure. Wutar da eriya ta kamo tana kai da komo ne, kuma a matsakaicin zango tana yin haka sau dubu ɗari biyar zuwa sama da miliyan ɗaya da rabi a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan aka kai ta kunne haka nan, faifan ƙarfen da ke cikin abin sauraren ba zai iya bin wannan saurin ba, domin kafin ya amsa turawa an riga an janye shi, don haka shiru za a ji. Aikin dutsen shi ne ya zama kamar ƙofar da ke buɗewa ta gefe ɗaya kawai: ya bar wutar ta wuce idan ta nufi gaba, ya tare ta idan ta juyo. Rabin da ya wuce yana ƙaruwa yana raguwa daidai da yadda muryar mai magana take hawa da sauka a tasha, kuma wannan hawa da saukar faifan yana iya bin sa. A ganina, babu wani abu a wannan ginin da ya kai wannan dabarar ban sha'awa.

Tun da dutsen bai ƙara ƙarfi ko kaɗan ba, muryar ba ta isa ta motsa lasifika, sai mutum ɗaya ya saurara a ɗaki mai shiru. Kwan gilashin Lee de Forest na 1906 ne ya buɗe hanyar ƙara ƙarfin sauti, sannan tiransista, 'yar ƙaramar na'urar da ta maye gurbin kwan gilashin, ta zo a 1947, har aka sami rediyon aljihu na Regency TR-1 a 1954.

Idan mai kula da gidan ya ba ku dama, ku sa abin sauraren, ku ɗaga siririyar wayar daga kan dutsen. Muryar za ta ɗauke nan take, kuma sai kun lalubi wuri mai kyau a jikinsa kafin ta dawo.