Lacca: Yunwar ƙasar Ayalan da ciwon da ya biyo bayanta

To jama'a, mu ci gaba daga inda muka tsaya. Dankalin turawan nan da muke kira arish a kasuwa, sunan mutanen Ayalan ne fa ya bi shi, wato wani tsibiri da ke yamma da Ingila. Talakan ƙauye a can shi ne tuwonsa safe da dare, hatsin da ya noma kuwa na biyan kuɗin hayar gona ne. Sai a 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin, ka tono shi ka tarar ya yi baƙi yana wari, 1846 ta dawo ta cinye kusan duka.

Ƙasar na hannun Ingila lokacin. Firaminista Robert Peel ya sayo masara ta fam 100,000 daga Amurka, amma mutanen nan ba su san masara ba, ba kamar mu ba da ko yarinya ta san surfe da niƙa. Ba ta niƙu da kyau ba, ba ta dahu ba, suka ci ta dinga murɗa musu ciki.

Daga nan aka ce ba za a ba kowa kyauta ba, sai ka yi aiki. Mutum cikinsa ba komai, ga sanyin hunturu, a ce ya je fasa dutse yana gina hanya, a watan Maris 1847 sama da mutum 700,000 ke wannan aikin. Ni dai a ganina wannan ba taimako ba ne, wahalarwa ce. Da aka koma dafa abinci ana rabawa, kusan mutum miliyan 3 ake ciyarwa a rana, abin ya yi aiki, amma kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta rufe wuraren rabon.

Yanzu ku saurara da kyau, nan ne gizo ke saƙa. Yawancin waɗanda suka mutu ba yunwar ce ta kai su kai tsaye ba, ciwo ne. Zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa, da atini, 1849 kuma ga kwalara. Ina ƙwarƙwatar ke samun mutane? A layin abinci, a wajen aikin hanya, da gidajen gajiyayyu inda aka cusa jama'a kamar buhuna, tufafi ɗaya ba wanki, har likitoci da limaman coci suka kamu suka mutu.

Kusan miliyan 1 suka rasu, wasu sama da miliyan 1 suka hau jirgin ruwa suka bar ƙasar, zazzaɓin ya bi su har tsibirin Grosse Île a Kanada, can aka binne dubbai. Wancan ɗan'uwan na baya ya ɗaga hannu tun ɗazu, bismillah malam.