Jawabin Maraba ga Mai Girma Jakadan Ƙasar Japan

Mai girma Jakada, ranka ya daɗe. Iyayenmu, malamai da ɗalibaina, assalamu alaikum.

A madadin wannan makaranta ta 'yan mata masu karatun kimiyya, ina yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Baƙonka annabinka, in ji Hausawa, kuma ba mu ɗauki zuwanka da wasa ba.

Ranka ya daɗe, tun kafin ka iso, wata 'yar ƙasarku ta riga ka shiga ajujuwanmu: Toshiko Yuasa, mace ta farko a Japan da ta zama masaniyar fiziks. A Tokyo aka haife ta a 1909, ta kammala digiri a Jami'ar Bunrika a 1934, lokacin da ba a saba ganin mace a wannan fage ba. A 1940, ana cikin yaƙi, ta tafi Paris ta yi aiki a ƙarƙashin masanin kimiyya Bafaranshe, Frédéric Joliot-Curie. Ba ta daɗe da sauka ba sojojin Jamus suka mamaye birnin, amma ta ci gaba da bincikenta, har ta sami digirin dakta a 1943 kan tartsatsin beta da ke fita daga ƙwayar zarra.

Ga inda 'yan matana suke yin tsit idan ina ba su labarin. An kwashe ta zuwa Berlin a 1944, can ta ƙera na'urar auna wannan tartsatsi da hannunta. Da Jamus ta faɗi a 1945 aka tasa ƙeyarta zuwa gida ta Saiberiya, sai ta goya na'urar a bayanta, kamar yadda uwa take goyon ɗa, har Japan. Ta isa, yaƙi ya ƙare, Amurkawa suka hana binciken nukiliya a ƙasar. Ta koma koyarwa a tsohuwar makarantarta ta horar da malamai mata a Tokyo, wadda yanzu ita ce Jami'ar Ochanomizu, kafin ta koma Faransa a 1949, inda ta ci gaba da bincike har rasuwarta a 1980.

Ni malamar fiziks ce, na san zafin koyar da abin da ɗaliba ba ta taɓa riƙewa a hannu ba. Shi ya sa goyon nan yake taɓa min zuciya. Idan mun zaga da kai ɗakin gwajinmu, za ka ga kayanmu kaɗan ne, za ka kuma ga yadda yaran nan suke tattalinsu. Muna roƙon ka tsaya ka saurari tambayoyinsu, sun kwana biyu suna shirya su.

Allah ya sa ka ji daɗin zama da mu, ya mayar da kai gida lafiya. Bismillah, ranka ya daɗe, ga ruwa.