Sharhi: Ranar da Inna ta koma Fillanci

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

A wani gida da ke Pantami, nan cikin Gombe, akwai wata dattijuwa da aka kawo daga wajen Dukku tun tana amarya. Sama da shekara hamsin da Hausa take ciniki, da ita take faɗa, da ita ta aurar da 'ya'yanta. Bara sai aka ga tana tambayar ko an yi la'asar har sau uku a zama ɗaya. Bana kuma Hausar ce ta fara kuɓuce mata. Rannan na shiga gaishe ta, na iske tana miƙa hannu tana cewa "ndiyam, ndiyam". Jikarta 'yar shekara tara ta miƙa mata carbi, ta ture. Ta kawo ɗankwali, ta ture. Ashe ruwa take nema. Duk gidan babban ɗanta kaɗai ke jin Fillanci, shi kuma yana kasuwa sai magariba.

Mu gigin tsufa muke ce wa wannan, mu ce "ai Inna ta rikice", shi ke nan mu bar zancen. Wasu wuraren ma, Allah ya kiyaye, in tsohuwa ta fita da dare tana sambatu sai a jefe ta da maita. Alhali cuta ce ta ƙwaƙwalwa, cutar mantuwa, kuma ba kowane tsoho take kamawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki irin namu. Likitoci sun daɗe da lura cewa mai jin harshe biyu, in cutar ta yi nisa, sau da yawa harshen da ya koya daga baya ke fara kuɓuce masa, na goyo ya saura.

To mu duba Gombe. Tangale, Waja, Tera, Bolanci, Tula, Fillanci: gida nawa ne kaka ke da harshenta, jikoki kuwa sai Hausa da Turancin makaranta? Har akwai iyayen da ke hana a yi wa jariri yare, wai kada a rikita shi ya yi jinkirin magana. Bincike bai goyi bayan wannan tsoron ba. Ƙwaƙwalwar yaro na ɗaukar harshe biyu lafiya lau. A shekarar 2013 ma an nazarci marasa lafiya 648 a birnin Haidarabad na Indiya, aka ga masu jin harshe biyu alamun cutar mantuwa sun makara bayyana gare su da kusan shekara huɗu da rabi, har da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Ba rigakafi ba ne, amma shekara huɗu na hankalin uwa ba abin wasa ba ne.

Kuma ba a koya wa jariri harshe da waya. A 2003 masu bincike a Siyatul ta Amurka sun zaunar da jarirai 'yan wata tara gaban masu yi musu Sinanci baki da baki, wasu kuma aka kunna musu mutanen a talabijin. Na farko suka iya bambance sautukan Sinancin, na gaban talabijin kuwa kamar ba a yi ba. Wato gwarancin nan da jariri ke yi, uwa ta amsa, ya sake, ta sake, shi ne karatun. Kakar da ke rawa da jika a cinya tana kiransa maigida, tana masa waƙar raino da yarenta, aiki take yi babba. Ni dai raina na ɓaci in na ga an ɗauke yaro daga cinyar kaka an damƙa masa waya don ya yi shiru.

Sai dai a kiyaye: cewa da ake tsoho ya koma yaro ba ya nufin a yi masa magana kamar yaro. Wani bincike a gidajen kula da tsofaffi a Kansas ya nuna masu cutar sun fi ƙin wanka da cin abinci idan aka yi musu irin muryar lallashin jarirai. Baba yana nan Babansa. A durƙusa a gabansa ya ga fuska, a gaishe shi yadda ya saba, a faɗi magana ɗaya a jira. In ya tambayi matarsa da ta rasu shekara goma, ba sai an sake masa sabon makoki ba, a ce "Baba, ba mu labarinta". A kuma kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya ko asibiti mafi kusa a duba kunnensa da hawan jini da sukari, don rashin ji kaɗai na iya sa tsoho ya yi kamar ya rikice.

A gidan nan na Pantami, yanzu ɗan ya rubuta kalmomin Fillanci goma sha biyu a kwali ya manna jikin ƙofar ɗakin, irin su ruwa, abinci, sanyi, ciwo, banɗaki. Da safe yarinyar kan leƙa ta ce "Inna, jam waali?", wato ina kwana da Fillanci. Jiya aka ce mini tsohuwar ta kama hannunta, ta amsa gaisuwar har ƙarshe, ta kuma tambaye ta ko 'yar gidan wa ce.