Niyuwe, Tsibirin da Gulbinsa Ke Ƙarƙashin Ƙasa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka.

Mutumin Yawuri ba a yi masa bayanin tsibiri. Gungu yake ce masa, kuma daga nan sunan Gungawa ya fito, mutanen da suka zauna a tsakiyar kogin Kwara har madatsar ruwa ta Kainji ta tashe su da yawa a 1968. To yau ma wani gungu za mu leƙa, amma na tsakiyar teku, can cikin Fasifik. Sunansa Niyuwe.

Ruwan saman da ake yi musu a shekara ya kai milimita 2,000, wato ya ninka na Birnin Kebbi har da ɗori. Amma ka zagaye tsibirin kaf, ba gulbi, ba ƙorama, ba fadama. A yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kafin ka gama tattara robobin da ka tara, ƙasa ta shanye. Ina yake tafiya?

Ku ɗauko taswira ku duba tukuna. Ga Niyu Zilan a ƙasa, ga Tonga, ga Samowa, ga kuma ɗan ɗigon nan shi kaɗai, kimanin kilomita 2,400 daga Niyu Zilan. Faɗinsa murabba'in kilomita 260 ne. Titin da ya kewaye shi kilomita 64, ya ɗan ɗara tafiyar Birnin Kebbi zuwa Argungu. Mutanen ciki ba su kai 2,000 ba, alhali 'yan'uwansu da ke zaune a Niyu Zilan sun haura 30,000. Amma ƙasa ce sukutum, da gwamnatinta tun 1974, da babban birninta Alofi. A 1774 wani matuƙin jirgin ruwa na Ingila, Kyaftin James Cook, ya yi ta ƙoƙarin sauka, mutanen suka hana shi, sai ya huce haushi da laƙaba wa wurin suna mai nufin tsibirin mutanen daji. Ka zo gidan mutane ba sallama, an kore ka, kuma su ne 'yan daji. To, a bar wannan.

Sirrin yana cikin dutsen. Can ƙarƙashin teku akwai tsohon dutse mai aman wuta da ya mutu. A kansa waɗansu ƙananan halittun ruwa, dangin murjanin da iyayenmu mata ke sawa a wuya, suka yi ta gina gidajensu, waɗannan su mutu waɗancan su ɗora a kai, har abin ya zama farin dutse mai kauri. Daga baya ƙasan tekun ya tura shi sama a hankali, ya fito fili. Shi ya sa in ka hango Niyuwe daga jirgin ruwa kamar faifai biyu ne aka kifa, ƙarami a kan babba, gefensa duk gaɓa ce a tsaye, inda ya fi tudu bai kai mita 70 ba.

Wannan farin dutsen ba baƙonmu ba ne. Irinsa ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato ana yin siminti, don can ma teku ta taɓa kwanciya shekaru miliyoyi da suka wuce, har yau ana tsintar ɓawon halittun ruwa a cikinsa. Halinsa ya bambanta da na dutsen Kwatarkwashi. Na Kwatarkwashi ruwa ya zuba a kansa sai ya gangare ya bar shi yadda yake. Farin dutse kuwa ruwa cinsa yake yi.

Ga yadda za ku gani da idonku. Inna ta ɗora miyar yakuwa, ta ɗanɗana ta ji tsami ya yi yawa, sai ta jefa ɗan guntun kanwa. Me ke faruwa? Tukunya ta yi fuuu, kumfa ya taso, kanwar ta narke. Ko ku sami ɓawon ƙwai, ku matse lemun tsami a kai, ku kawo ido kusa: za ku ga 'yan ƙananan kumfa suna tsattsafowa. Ɓawon ƙwai da farin dutse asalinsu ɗaya. Abin da ya rage shi ne a ina ruwan sama ya samo tsami, tunda an ce ruwa ba ya tsami banza. Yana ɗaukarsa ne daga iskar kabon, wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, sa'annan in ya ratsa ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi ya ƙara ɗauka. Tsamin kaɗan ne, harshe ba zai ji ba. Sai dai yau da gobe ba ta bar komai ba. Tsaga kamar silin gashi ta zama kafar da yatsa zai shiga, ta zama ramin ɓera, ta zama zauren da za a ɗaura aure a ciki a sami wurin ajiye takalma.

Kuma ruwan nan ba ɓarna kaɗai ya iya ba. Abin da ya ciwo daga sama, in ya ɗigo cikin kogo sai ya ajiye shi. Ɗigo bayan ɗigo, sai ka ga waɗansu tsinkayen dutse sun zubo daga rufi kamar hantsar saniya, a ƙasa kuma, daidai inda ɗigon ke sauka, wani ya taso kamar suri. In an daɗe sai su haɗe su zama ginshiƙi. Irin wannan tsinken dutse, tsawon ɗan yatsa a jikinsa na iya cin ɗaruruwan shekaru. Shi ya sa mai ɓalle ɗaya don ya kai tsaraba, a wurina, bai da maraba da mai sare kukar da kakanninsa suka tarar.

In kogo ya yi ta faɗi, rufinsa na ƙara siranta, wata rana sai ya rufta. Daga sama abin da za ka gani rami ne mai baki a buɗe, gefensa a tsaye. Mutanen Zamfara sun san ruftawar rami, a wuraren haƙar zinariya ta sha cin rayuka. Dalilin ɗaya ne, an kwashe abin da ke riƙe da sama. Bambancin kawai, wancan diga da shebur ne cikin 'yan watanni, wannan ruwa ne cikin dubban shekaru. Wani ramin kuma ba ya ruftawa farat ɗaya, ƙasa ce ke zurarewa ta kafa a hankali kamar gero a ɓulallen buhu, har wurin ya lotsa.

Mu shiga ɗaya. Wannan shi ne Togo, amma Tongo ake furtawa, kada wani ya ce ya san hanyar Lome. Yana gabashin tsibirin. Za ka fara ratsa dajin Huvalu, inuwa, sanyi, saiwoyi sun kama dutse. Kwatsam daji ya ƙare, ka fito kan wani fili na tsinin duwatsu baƙi-baƙi, dubbai, kamar an kakkafa wuƙaƙe, ga ƙugin teku a gabanka. Silifa ba ta zuwa nan. 'Yar siririyar hanya za ka bi har bakin rami, inda wani dogon tsani yake jingine kusan a tsaye. Ka juya baya ka sauka, kana ƙidaya matakai da ƙafa don ido ba ya son kallon ƙasa. Abin da ƙafarka za ta taka a ƙarshe yashi ne fari tas, mai laushi, ga itatuwan kwakwa sun tsiro a tsakiya, bango ya kewaye ka ta ko'ina. Kana jin teku na dukan bayan bangon, amma ba ka ganinta.

Avaiki kuma yana yamma, bakinsa na kallon teku, da wani tafki a ciki mai ruwa garau. Mutanen wurin na cewa a nan kwalekwalen kakanninsu na farko ya tsaya, kuma a da sarakuna kaɗai ke wanka a ciki. Har yanzu ba a shiga ruwansa ranar Lahadi, don Kiristoci ne masu riƙo, ba a kuma shiga lokacin da wani ɗan kifi da suke kira kalowama ya zo. Ɗan Kabi ba zai yi mamakin wannan ba, tunda ya san Matan Fada ba kullum ake jefa homa a cikinta ba. Akwai Matapa, akwai Talava mai manyan ƙofofin dutse, akwai Vaikona da ba a shiga sai da ɗan gari, amma ba za mu bi su ɗaya-ɗaya ba.

Wanda ya amsa tambayarmu ta farko shi ne Anapala, kusa da ƙauyen Hakupu. Wata matsattsiyar tsaga ce, matakala sama da ɗari zuwa ƙasa, haske na raguwa kana sauka, har ka iske ruwa kwance a duhu, mai sanyi. Ɗebo ka kurɓa. Ba gishiri. A nan mutanen ƙauyen ke ɗibar ruwa a da. Ga gulbin da muke nema. Ruwan saman da ya ɓace duk yana taruwa a cikin kafofin dutsen, kuma da yake bai kai ruwan gishiri nauyi ba, sai ya hau kansa ya zauna, yadda man gyaɗa ke tasowa kan romo. Ya fi kauri a tsakiyar tsibirin, yana siranta wajen gaɓa, inda yake ɓulɓulowa cikin teku. Mai iyo a Matapa yana jin haka a jikinsa: sama sanyi, ƙasa ɗumi. Rijiyoyin burtsatse da ke ba su ruwan famfo a yau daga nan suke zuƙa.

Wannan kuwa na da haɗarinsa. A wurinmu yashi da laka na tace ruwa kafin ya kai rijiya. A can dutsen rariya ne mai manyan kafofi. Abin da aka zubar a sama, ko baƙin mai ne, ko maganin feshi, ko masai da aka gina ba bisa ƙa'ida ba, hanyarsa a buɗe take zuwa randar kowa da kowa. In kuma aka matsa wa rijiya da zuƙa, ruwan gishirin da ke ƙasa ya biyo bututu.

Ga wanda Allah ya nufa da zuwa, jirgi daga birnin Oklan na Niyu Zilan yake tashi, tafiyar awa uku da rabi, kuma saboda bambancin lokaci sai ka tashi Asabar ka sauka Juma'a. Abu na farko da za ka tambaya a can shi ne lokacin janyewar teku, don tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kuma kogon da ka shiga ruwa iya idon sawu na iya rufe baki kana ciki. Tekun nan ba abokiyar wasa ba ce: a Janairun 2004, lokacin guguwar Heta, igiyar ruwa ta haye gaɓar Alofi duk da tsayinta, ta rushe gidaje har da asibitin ƙasar. Ka riƙi tocila biyu, ka gaya wa mai masaukinka inda ka nufa. In ka ga wani maciji mai zane-zane yana iyo, katuwali ke nan, a kogunan bakin teku yake zuba ƙwai. Yana da dafi, amma ba ya neman kowa da faɗa, ka ba shi hanya. In kuma ɗan gari ya ce wancan kogon ba a shiga, to ka tsaya a inda ya tsaya. Waɗansu a cikinsu aka ajiye ƙasusuwan kakanninsu, kuma kowane kogo da dangin da ke da shi.