Yini guda da iyali a gidan Highclere

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo, barkanmu da warhaka. Yau na fito da iyali mun zo gidan sarautar Highclere da ke yankin Hampshire a kudancin Ingila, kimanin mil 5 kudu da garin Newbury. Duk wanda ya kalli wasan kwaikwayon Downton Abbey, wanda tashar ITV ta nuna daga 2010 zuwa 2015, ya san fuskar wannan gida ko da bai san sunansa na gaskiya ba. Uwargida ce ta matsa a zo, domin ita ce ma'abociyar shirin a gidanmu. Tun da wuri muka sayi tikiti ta intanet, saboda masu gidan suna zaune a cikinsa har yau, kuma a wasu ranaku kaɗai suke buɗe shi ga baƙi.

Ga shi nan a gabanmu, da dutsensa mai launin zuma da hasumiyarsa a tsakiya. Zuriyar da ke riƙe da sarautar Carnarvon ce ke da wurin, kuma kakanninsu sun mallake shi tun 1679, amma wannan siffa da kuke gani an yi ta ne a shekarun 1840, a hannun Charles Barry, wanda ya zana ginin majalisar dokoki a Landan. Idan kun lura da kyau za ku ga kamannin. Waɗannan manyan itatuwa masu shimfiɗaɗɗun rassa kuwa al'ul ne irin na Lebanon, wasunsu sun haura shekara 200 a tsaye.

A bakin ƙofa aka roƙe ni in kashe kyamara, domin ba a ɗaukar hoto a ciki, saboda haka abin da ya biyo baya da baki zan ba ku shi. Babban zauren da ke tsakiyar gidan ya tashi tun daga ƙasa har rufi, da baranda kewaye da shi a sama. Bangonsa an lulluɓe shi da jemammiyar fata mai zane da ruwan zinariya, wadda aka kawo daga Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, garin da malamanmu suka sani ta sunan Imam Ƙurɗubi, mai tafsirin nan. Na daɗe a tsaye ina duban ta, domin wanda ya taso yana ganin aikin dukawa ya san irin haƙurin da ake bukata kafin fata ta karɓi zane haka, ta kuma riƙe shi ɗaruruwan shekaru. A ɗakin karatu akwai littattafai sama da 5,000, ga jajayen kujerun nan da uwargida ta gane tun daga nesa. A kan tebura kuma hotunan iyalan gidan ne na aure da na yara, abin da ke tuna wa baƙo cewa gidan mutane ya shigo.

A nan ne uwargida ta tambayi wata mai yi wa baƙi bayani inda kicin yake, wanda ake ganin masu girki da barori suna kai da komo a cikinsa. Amsar ta ba mu mamaki. Ashe wancan kicin da ɗakin cin abincin barori ba a wannan gida suke ba, gina su aka yi a ɗakin shirya finafinai na Ealing da ke Landan. Ke nan baran da kuka gani ya ɗauki faranti ya hau matakala, a Landan ya fara hawa, a Hampshire ya iso, wataƙila bayan makonni. Ƙauyen da ake nunawa shi ma Bampton ne a yankin Oxfordshire, alhali labarin yana cewa a Yorkshire ake.

Abin da ke ƙarƙashin gidan a yau ya fi kicin ɗin ɗaukar hankali, kuma a ganina shi ne dalilin da ya isa a kawo yara. Mai sarautar Carnarvon na 5 ya riƙa zuwa Masar neman lafiya bayan wani hatsarin mota da ya yi, a can ya kamu da son tonon kayan tarihi, har ya ɗauki nauyin aikin Howard Carter, wani Baturen Ingila masanin tonon kayan tarihi, shekara da shekaru. A watan Nuwamba 1922 suka gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a Kwarin Sarakuna, kusa da Luxor. Bai daɗe yana cin moriyar abin ba, domin a watan Afrilu 1923 ya mutu a Alƙahira, bayan cizon sauro da ya yanke wajen aski ya rikiɗe ya zama ciwo. Dukiyar kabarin tana Masar, abin da ke nan kwaikwayonta ne. Amma akwai kayan asali daga tonon da ya yi kafin nan. Mafi yawan tarinsa an sayar wa gidan tarihi na Metropolitan a New York a 1926, sauran kuma aka tarar da su ɓoye cikin kabad tsakanin ɗakuna biyu a ƙarshen shekarun 1980.

An yi wani bango mai 'yan ƙananan tagogi a cikin duhu, inda ake leƙawa a ga gadaje da karusai masu ƙyallin zinariya, kamar yadda Carter ya leƙa ranar farko. Autanmu ya manna ido ya ƙi tashi, yana cewa, “Baba, zo ka gani, akwai wani a nan ma.” Babbar 'yata kuwa tambaya ta yi mini, wai su wane ne suka yi haƙan. Na gaya mata cewa leburori Misirawa ne, manya da yara, suka kwashe yashi da tsakuwa da kwanduna a cikin zafin rana, kuma duniya ta riƙe sunan Bature biyu ta bar nasu. Haka ma barorin wannan gida, waɗanda suka hura wuta suka ɗauki ruwa zuwa sama kafin masu gida su farka. Ina ganin hakkin uba ne ya faɗa wa 'ya'yansa wannan a daidai wurin da suke kallon ƙawar.

Gidan ya yi aikin alheri ma. A 1914 Almina, matar wancan mai sarauta, ta mayar da shi asibitin sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a yaƙi na biyu kuma aka saukar da yaran da aka kwaso daga Landan. Zuwa 2009 jaridu sun ruwaito cewa ɗakuna kusan 50 ba sa zaunuwa, kuma gyaran zai ci kimanin fam miliyan 12. Baƙin da shirin talabijin ya jawo, irinmu, su ne suka taimaka aka toshe yoyon rufin.

Yanzu mun fito, mun yi sallar azahar a kan ciyawa kusa da mota, mun ci abincin da muka ƙunso daga gida. Wanda zai zo da yara ya ware yini guda, ya sa musu takalmin tafiya, ya kuma taho da rigar ruwa. Wancan tudun da kuke hange shi ne Beacon Hill, a kansa aka binne mai sarauta na 5 bisa wasiyyarsa, kuma can muka nufa yanzu tun kafin hadari ya haɗo.