Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista daga Masu Juya Kofunan Katako na Zongon Kumasi

Assalamu alaikum. Mai girma Minista, mai martaba Sarkin Zongo, malamai, iyayenmu da sauran jama'a.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Alherinka ya riga ka isowa, ba sai mun tsaya lissafi ba. Tun kafin ka sha ruwa za mu faɗi abin da ya tara mu: muna roƙon ɗakin busar da katako mai inji.

Goro ne ya kawo kakanninmu ƙasar nan ta hanyar Gwanja. Da yaƙin 1892 ya watsa Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja, da yawa suka gangaro Kumasi, cikinsu har da masassaƙan akushi da turmi. Su da gizago suka yi aiki, mu jikokinsu muka ɗora itace a kan injin juyi. Amma yau in ana zancen sassaƙa a Asante, masassaƙan Ahwiaa, wani gari kusa da Kumasi, kawai ake ambata. Ba mu ƙi ba, gwanaye ne. Sai dai kofi nawa baƙi suka saya suna yabawa, alhali a lungun Zongo aka juya shi? Da aka ɗauke kasuwar katako daga unguwar Anloga zuwa Sokoban da ke gefen gari, kuɗin mota ya hau kanmu, muka haƙura. Da aka hana sare madobiya a 2019, muka bi doka, muka koma kanya da maɗaci da odum.

Ga yadda aikin yake, ranka ya daɗe. Kofi mai faɗin santimita 8, a juyin farko mukan bar masa kauri kusan santimita 1, mu ajiye shi ya bushe. Sannan a mayar da shi kan inji, a rarake ciki har bangon ya dawo milimita 4 ko 5, ƙafar kofin kuwa sai a ƙarshe, don in ta sirance da wuri rawa take yi ta karye. A tsaga layi mai zurfin milimita 2, a dasa wayar tagulla ko yankan ƙahon saniya da gam, a goge da samfefa daga lamba 120 zuwa 400, a shafe da kakin zuma.

Matsalar tana cikin bushewar. Iskar Kumasi danshi gare ta, katako ko ya shekara a rumfa ba ya sakin ruwansa duka. Da kofin ya sha hunturu a Tamale, ko ya shiga ɗaki mai ɗumi a Turai, sai itacen ya tsuke, tagulla kuwa ba ta tsukewa. Bakin kofin ya karkace, zoben adon ya ɓalle, wani ma ya tsage har gindi. Mai saye ba ya dawowa, ya tafi yana cewa ba mu iya ba. Ɗakin busarwa zai sauko da danshin zuwa kashi 10 ko 12 cikin ɗari a 'yan makonni, dasa ado ya zauna daram.

Akwai sauran buƙatu: wutar lantarki tsayayya, don in ta ɗauke ana tsakar juyi kofi ya tashi aiki, da kuma rumfar baje kaya a Cibiyar Al'adu. Waɗannan za su iya jira. Ɗakin busarwa ne ba ya jira, ranka ya daɗe. Fili muna da shi, matasan da za su kula da injin suna nan zaune a bayanka, sa hannunka kaɗai ya rage.

Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya.